YOGA DA FARGABAR JARRABAWA: KAFIN MU HANA, MU FARA TAMBAYA



Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata magana da ta taso a majalisar dattawan ikilisiyarmu. Wani ɗan'uwa, manomi mai tsoron Allah, ya kawo kuka cewa 'yarsa da ke ajin ƙarshe na sakandare ta dawo hutu da wata baƙuwar ɗabi'a. Kowace asuba sai ta shimfiɗa tabarma, ta zauna ta rufe ido, tana jan numfashi a hankali, daga nan ta yi ta miƙe gaɓoɓinta. Da ya tambaye ta, sai ta ce malamarsu ce ta koya musu don maganin fargabar jarrabawa, kuma sunan abin yoga. Nan take majalisa ta rabu biyu. Wasu suka ce bautar gumaka ce ta shigo ta ƙofar baya, a hana ta yau ba sai gobe ba. Wasu suka ce motsa jiki ne kawai, kada a mai da allura garma.

An yi kusan awa guda ana muhawara, amma ba wanda ya tambayi abin da ya kai yarinyar ga wannan. Da muka kira mahaifiyarta, sai muka ji abin da uban bai sani ba. Ashe wata uku ke nan yarinyar ba ta barcin kirki, tana amai duk ranar da za a yi gwaji, kuma a jarrabawar share fage ta zauna rabin awa riƙe da biro, abin da ta haddace duka ya gudu daga kanta. Jikinmu ya yi sanyi. Mun zauna shari'ar magani, ba mu san ciwon ba.

Nauyin da muka ɗora wa yaranmu

Mu faɗa wa kanmu gaskiya. A yawancin gidajenmu, ɗan da ya kai ajin ƙarshe ya san buhu nawa na masara aka sayar, ya san akuyar da aka kai kasuwa don a biya masa kuɗin WAEC da NECO da JAMB. Ya san ana jiran kiredit biyar har da Turanci. Ya sha ji daga bakinmu cewa mu 'yan tsiraru ne a inda muke zaune, ba mu da wani babba da zai tsaya mana, don haka sai ya ci da kyau fiye da kowa. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma wa ya taɓa auna nauyinta a kan ɗan shekara 16?

A shekarar 2025, kusan ɗalibai miliyan biyu ne suka zauna jarrabawar JAMB, kuma sama da miliyan ɗaya da rabi suka samu ƙasa da maki 200 cikin 400. Daga baya hukumar ta amsa cewa an samu matsalar na'ura da ta shafi ɗalibai kusan 380,000 a Legas da jihohin kudu maso gabas, har shugabanta Farfesa Ishaq Oloyede ya nemi gafara da hawaye, aka sake musu jarrabawar. Ku yi tunanin darare nawa waɗannan yara suka kwana suna ganin sun kunyata iyayensu, alhali laifin ba nasu ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce cikin kowane yara bakwai masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya yana fama da wata larurar tunani, kuma matsananciyar damuwa tana cikin waɗanda suka fi yawa.

Yaron da tsoro ya cika wa ciki zai nemi mafita ko da saninmu ko ba da saninmu ba. Wani ya kwana yana cin goro da shan kofi don kada barci ya ɗauke shi. Wani ya faɗa hannun abokai masu ƙwaya. Mun ga yadda shan maganin tari mai kodin ya yi ɓarna har gwamnatin tarayya ta hana shi a shekarar 2018. Wani kuma ya nemi kuɗin satar amsa, wani lokaci ma iyaye Kirista ne ke biya. Idan aka jera waɗannan hanyoyi, yarinyar da ta zauna kan tabarma tana numfashi ba ita ce ta fi ba ni tsoro ba.

Abin da ke faruwa a jiki

Fargaba ba a zuciya kaɗai take tsayawa ba. Idan mutum ya ji haɗari, jikinsa yakan saki wasu sinadarai, adiranalin da kotisol, sai zuciya ta yi ta bugawa da sauri, numfashi ya gajarce, tafin hannu ya yi gumi, ciki ya murɗa. Allah ne ya shirya jiki haka domin mutum ya tsere wa maciji ko gobara. Matsalar ita ce jiki ba ya bambance maciji da takardar jarrabawa. A wannan hali, sashen ƙwaƙwalwa da ke riƙe lissafi da jera tunani ba ya aiki yadda ya kamata. Shi ya sa yaro zai fito daga ɗakin jarrabawa, ya sha ruwa, ya huta, sai amsoshin su dawo masa ɗaya bayan ɗaya.

Mahaliccin da ya sa wa jiki abin tayar da shi, ya kuma sa masa birki. Akwai wata doguwar jijiya da ta taso daga ƙwaƙwalwa, ta sauko ta wuya zuwa zuciya da huhu da ciki. Duk lokacin da mutum ya fitar da numfashi a hankali, bugun zuciyarsa yakan ɗan sassauta. Idan ya yi haka na 'yan mintoci, jiki yakan lafa. Wani likitan zuciya a jami'ar Harvard ta Amurka, Herbert Benson, ya yi bincike kan wannan a shekarun 1970, ya kuma nuna cewa natsuwar jikin ba ta rataya ga wata kalma ta wani addini ba, mai maimaita addu'arsa ma yakan same ta. Huhun Bahindu da huhun Kirista duka aikin hannu ɗaya ne.

Dattawan da suka ji tsoro ba su yi kuskure ba

Duk da haka, ba zan ce wa kowa yoga motsa jiki ne kawai ba, domin ba haka tarihinta ya nuna ba. Asalinta ƙasar Indiya ne. Kalmar daga harshen Sanskirit take, tushenta kuma yana nufin haɗawa ko ɗaurawa, kamar yadda ake haɗa shanun huɗa. Wani tsohon malaminsu mai suna Patanjali ya tsara ta mataki takwas. Zaman jiki shi ne na uku, sarrafa numfashi na huɗu, ƙarshen tafiyar kuwa wani matsayi ne na ruhu bisa koyarwarsu, wanda ya sha bamban da ceto ta wurin alheri da muka gaskata. Sautin nan "om" da ake rerawa abu ne mai tsarki a addinin Hindu. Jerin motsin da ake kira gaisuwar rana kuwa, sunansa yana ɗauke da sunan Surya, allahn rana a wurinsu.

Gaskiya ne yawancin salon miƙe jiki da ake gani a waya da talabijin a ƙarni na 20 aka tsara shi, musamman a birnin Mysore cikin shekarun 1930. Gaskiya ne kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 21 ga Yuni a matsayin ranar yoga, aka fara bikinta a 2015, abin ya zama na duniya. Amma yaɗuwar abu ba ta share asalinsa. Hasali ma akwai mabiya Hindu da ke jin zafi idan aka ce yoga ba ta da alaƙa da addininsu. Saboda haka dattijon da ya ji sunan ya ja baya, aikin tsaron garke yake yi, kada matasa su yi masa dariya.

Yadda wasu suka fuskanci maganar

Ba mu ne farkon masu wannan muhawara ba. A shekarar 1989 fadar Batikan ta fitar da wasiƙa ga bishop-bishop, da sa hannun Kadinal Ratzinger wanda daga baya ya zama Paparoma Benedict na 16. Wasiƙar ba ta rufe ƙofa gaba ɗaya ba, amma ta yi gargaɗi kada mai bi ya ɗauki daɗin da jiki ke ji bayan irin wannan horo a matsayin aikin Ruhu Mai Tsarki. Majalisar cocin Otodoks ta ƙasar Girka kuwa, a 2020, ta yanke cewa yoga ba ta da wuri a rayuwar Kirista.

A Amurka maganar har kotu ta je. Wasu iyaye Kirista a garin Encinitas na jihar Kalifoniya sun kai ƙarar hukumar makarantunsu kan koya wa yara yoga. A 2013 alƙali ya yanke cewa abin da ake koyarwa a makarantun ba addini ba ne, domin an cire masa sunaye da alamomin addini, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta tabbatar da hukuncin a 2015. Jihar Alabama ta hana yoga a makarantun gwamnati tun 1993, sai a 2021 ta ɗage hanin bisa sharuɗɗa: ba rera kalmomin ibada, ba gaisuwar "namaste", kowane motsi a kira shi da Turanci, kuma sai iyaye sun sa hannu.

Kun ga ke nan masu bi na ƙwarai sun saɓa a kan wannan. Amma ku lura da abu ɗaya: kusan duk inda aka zauna aka yi nazari, layin da ake ja yana tsakanin horon jiki da ibada.

Inda na tsaya

Ra'ayina shi ne, ikilisiya ta ɗauki numfashi da miƙe jiki da hutu ta koya wa 'ya'yanta da kanta, ta bar duk abin da ya shafi ibadar wani addini, kuma ba ta bukatar sunan yoga don yin haka.

Ku tuna da Daniyel da abokansa a sura ta farko ta littafinsa. Matasa ne, ɗalibai a makarantar sarkin Babila. Sun koyi harshe da ilimin mutanen da ba su san Allah ba, har suka fi sauran ɗalibai, amma da aka zo kan abincin sarki suka ja layi. Ba su ƙi makarantar ba, ba su kuma haɗiye kome da kome ba. Ku tuna kuma da annabi Iliya a 1 Sarakuna sura 19, lokacin da tsoro ya kore shi jeji har ya roƙi mutuwa. Kafin Ubangiji ya yi masa magana, barci ya bar shi ya yi, aka ba shi gurasa da ruwa har sau biyu. Allah bai raina gajiyar jikin bawansa ba. Mu kuwa sau da yawa idan yaro ya ce gabansa na faɗuwa, amsarmu ɗaya ce: ba ka da bangaskiya. Sai ya koma da kaya biyu, tsoron jarrabawa da tunanin cewa ya yi wa Allah laifi.

Manzo Bulus ma, da ya yi maganar naman da aka miƙa wa gumaka a 1 Korintiyawa sura 8 da 10, ya bar mana ma'auni biyu. Abin da Allah ya halitta ba ya zama mallakar gunki don wani ya yi amfani da shi a bauta. Amma mai bi ba ya zama a teburin bautar, kuma ba ya amfani da 'yancinsa ya sa ɗan'uwa tuntuɓe. Saboda haka gidan da lamirinsu bai kwanta da abin ba, kada a tilasta musu, kada kuma a kira su jahilai. Gidan da suka yarda, kada a kira su masu ridda.

Wani zai ce da ni, ai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yau numfashi, gobe rera "om". Na yarda akwai wannan haɗari, musamman ga yaron da malaminsa waya ce, yana bin duk bidiyon da ya faɗo masa a intanet. Amma hani kaɗai ba ya liƙe tsagar. Yaron da aka hana ba tare da an ba shi madadi ba, ɓoyewa zai yi. Bangon ya tsage ne tun ranar da yarinyar nan ta yi wata uku ba barci, ikilisiyarta ba ta sani ba.

Abin da za a iya koya wa yaro

Ga abin da nake gani kowane uba ko uwa ko malamin makarantar Lahadi zai iya koyarwa ba tare da kashe kobo ba.

Na ɗaya, numfashi. Yaro ya zauna a miƙe kan kujera ko benci, ya ɗora hannu a cikinsa. Ya ja iska ta hanci yana ƙirga huɗu har ya ji cikin ya taso, ya fitar a hankali yana ƙirga shida. Minti biyar safe da yamma. Ya saba da shi tun watanni kafin jarrabawa, domin ba a fafe gora ranar tafiya. A ɗakin jarrabawa, kafin ya taɓa takarda ko kwamfuta, ya yi sau biyar.

Na biyu, miƙe jiki. Bayan kowane zama na karatu, ya tashi ya juya wuya a hankali, ya ɗaga kafaɗu ya sake, ya miƙa hannaye sama, ya sunkuya gwargwadon iyawarsa, ya ɗan zaga tsakar gida.

Na uku, kafin barci ya kwanta rigingine, ya matse tsokar ƙafafu na ɗan lokaci ya sake, ya hau zuwa cinya, ciki, hannaye, har fuska. Wannan ma ba daga Indiya ya fito ba, wani likita Ba'amurke ne, Edmund Jacobson, ya tsara shi tun shekarun 1920.

Na huɗu, barci. Likitoci sun ce matashi yana bukatar awa 8 zuwa 10. Cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka karanta, don haka karatun kwana-zaune asara ce.

Idan jiki ya lafa, sai yaro ya buɗe Zabura ya karanta, ya yi addu'a da bakinsa da hankalinsa. Mu ba ma koya wa yaro ya wofintar da zuciyarsa, cika ta muke so ya yi da Maganar Allah. Amma ya san cewa numfashin ba addu'a ba ne, kuma sanyin da ya ji a jiki ba shi ne shaidar Allah ya amsa ba.

Abin da za a bari a fili yake: rera kowace kalma da yaro bai san ma'anarta ba, sunkuya wa rana ko hoto ko gunki, da duk koyarwar da ke cewa akwai wani iko a jiki da za a tayar. A guje wa riƙe numfashi na dogon lokaci, da numfashin sauri-sauri, da tsayuwa a kan kai. Mai asma ko sikila ko farfaɗiya ya fara jin ta bakin likita. Idan makaranta ce ke koyarwa, haƙƙin iyaye ne su je cikin ladabi su ga abin da ake yi da idonsu, gani ya kori ji.

Kada mu ɗora wa abin fiye da ƙarfinsa

Ina jan kunnen masu zumuɗi kuma. Numfashi ba ya karanta wa yaro littafi. Wanda bai yi shiri ba, tsoronsa yana da dalili, maganinsa kuma karatu ne. Binciken masana ma bai ce an samu maganin kome ba. A Birtaniya an gwada koyar da wani horon natsuwa a makarantu 84, da ɗalibai sama da 8,000, sakamakon da aka fitar a 2022 kuma ya nuna bai fi koyarwar da aka saba ba wajen kare lafiyar tunaninsu, kuma yawancin yaran ba su ci gaba da yi a gida ba. Abin da aka tilasta wa aji guda ba ɗaya yake da abin da uwa ta zauna ta koya wa 'yarta ba.

Ku dubi Indiya kanta, mahaifar yoga. A garin Kota na jihar Rajasthan, inda dubban matasa ke taruwa don shirin jarrabawar shiga makarantun likita da injiniya, an ba da rahoton ɗalibai sama da 20 sun kashe kansu a shekarar 2023 kaɗai. Idan iyaye da al'umma ba su sassauta igiyar ba, babu zaman tabarma da zai ceci yaro. Saboda haka idan ɗanka ya daina cin abinci, ya daina barci makonni, ya janye daga mutane, ko ya fara cewa gara ya mutu, a yi masa addu'a a kuma kai shi asibiti a ranar, kada a jira.

Kira ga dattawa

A ƙarshe majalisarmu ba ta hukunta yarinyar ba. Mun roƙi wata 'yar'uwa ma'aikaciyar jinya ta zauna da ita ta ga abin da aka koya mata. Aka tarar numfashi ne da miƙe jiki, sai wata kalma guda da ake rerawa a ƙarshe, wadda ita kanta ba ta san ma'anarta ba. Aka yi mata bayani, ta bar wannan ta riƙe sauran. Amma abin da na ga ya fi yi mata aiki shi ne daren da mahaifinta ya kira ta ya ce, "'Yata, ko kin ci ko ba ki ci ba, ke 'yata ce, gidan nan gidanki ne." Mahaifiyarta ta ce a daren nan sai da aka tashe ta da safe.

Ina roƙon kowace ikilisiya, kafin lokacin jarrabawa mai zuwa, dattawa su san sunan kowane yaro da zai zauna. A buɗe musu majami'a da yamma su yi karatu inda akwai haske. Malamai da ma'aikatan lafiya da ke cikinmu su ba da awa guda a mako. Zumuntar mata ta ziyarci iyayen. A daina kiran maki daga kan bagade yadda wanda bai ci ba zai ji kunyar zuwa sujada. Idan kuma wani sabon abu ya shigo gidajenmu da baƙon suna, kafin mu tambayi daga ina ya fito, mu fara tambayar ɗanmu me ke damunsa.

Ubangiji ya ba mu hikimar kiwon 'ya'yan da ya danƙa mana amana, ya ba ɗalibanmu natsuwa da nasara. Amin.